Birki Ya Yi Laushi: Kafin A Ƙara Mai, A Nemo Inda Na Farko Ya Tafi

Wani mai karatu da ke jan bas ƙirar Hiace tsakanin Jos da Abuja ya aiko da tambaya. Ya ce birkinsa ya yi laushi, sai ya taka sau biyu ko uku kafin ya kama. Ya kai gareji an fitar masa da iska, an ƙara mai, abu ya yi kyau, amma bayan mako guda laushin ya dawo. Yana son sanin abin yi.

Malam direba, abu na farko shi ne ka ajiye motar nan. Hanyarka tana bi ta Hawan Kibo, kuma ba a gangara wannan wuri da birkin da sai an lallashe shi. Taka birki sau uku kafin ya kama ba ƙwarewar tuƙi ba ce, alama ce cewa wani abu ya lalace, kuma ranar da yaro ko saniya za ta faɗo maka kan titi ba za ka samu lokacin taki na biyu ba.

Birkin mota da mai yake aiki. In ka taka, masta, wato babban famfon birki, takan tura mai ta cikin fayif zuwa tayoyi huɗu, man ya matse fad a jikin faranti, ko ya buɗe takalman birki a cikin diram. Sirrin abin shi ne mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ɗauki sirinji ka cika shi da ruwa, ka toshe bakinsa da yatsa ka danna: ba zai motsa ba. Zubar da ruwan ka bar iska, za ka ga ya shige. Saboda haka duk birkin da ya yi laushi, ƙarfin ƙafarka yana ɓacewa ne a hanya: ko iska ta shiga, ko mai yana zuba, ko wata roba ta saki.

Ƙafarka za ta gaya maka wanne ne tun kafin a ɗauko sifana. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. Sai ka danne shi da ƙarfi matsakaici, ka riƙe kamar rabin minti, ka sa hankalinka a tafin ƙafarka. In ka ji yana zamewa ƙasa a hankali, to mai yana gudu: ko yana zuba a waje, ko robobin cikin masta sun cinye, man yana zagayawa ta bayansu ya koma tanki. Wannan na biyun shi ya fi yaudara, domin ba ɗigon da za ka gani a ƙasa, mai kuma bai ragu ba. In kuwa bai zame ba, amma yana da taushi, kuma yana ƙara tauri in ka yi ta takawa, iska ce ta fi zama abin zargi. Akwai na uku: birkin ya yi nisa kafin ya kama, amma in ya kama ya kama da tauri. Wannan yawanci takalman baya ne suka yi nisa da diram, saiti suke so. Bayan haka, ƙafarka na kan birki, ka tayar da inji. Zai ɗan faɗa ƙasa kaɗan, wannan lafiya ce, sabo ne, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi, ya kama aiki. Sabo in ya mutu tauri yake sa birki, ba laushi ba, don haka kada a sa ka saye shi a banza.

Yanzu buɗe bonet ka dubi tankin man birki. In ya sauka ƙasa da layin MIN, tambayar ita ce ina ya tafi. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Ko dai fad ne suka cinye har man ya gangara ya cike gurbi, ko kuma yana zuba. Ka leƙa bayan kowace taya da tocila, ka nemi danshi a cikin rim. Ka bi fayif ɗin ƙarfe, musamman in motar Beljiyam ce da ta sha gishirin titunan Turai, don tsatsa takan huda su. Ka shafa inda masta ta haɗu da sabo: in fenti ya zuge ko wurin ya jiƙe, man yana tsiyaya cikin sabo ne. Sannan wani ya danne birki, kai kuma ka riƙe tiyon robar da ke zuwa kowace taya. In ka ji yana kumbura a hannunka, ko ka ga ya tsattsage, ya gama aiki.

Abin da ka bayyana ya fi kama da silindar birkin baya. Hiace irin taka diram gare ta a baya, kuma yoyon wurin a ɓoye yake. Dole a cire taya, a zare diram, a ɗaga 'yar robar da ke rufe bakin silinda da ɗan yatsa. In mai ya fito, ko ka ga ƙurar wurin ta zama baƙin taɓo mai danƙo, ka samo ɓarawon. Roba in ta gaji takan saki mai in ka taka, ta kuma zuƙi iska in ka ɗaga ƙafa. Shi ya sa fitar da iska ya yi maka maganin mako guda kawai: an kori iska, ba a rufe ƙofar da ta shigo ba. A canja silindar, a canja takalman da suka sha mai, kuma a yi wa ɓangarorin biyu tare.

Akwai kuma laushin da ba ya bayyana a gareji, sai a kan gangara. Man birki yana tsotsar danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma in ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 140 da 155. Mota cike da fasinja da kaya, direba ya ɗora ƙafa kan birki tun daga saman tudu, zafi ya taru, man ya tafasa ya zama tururi, birki ya shige har ƙasa. In ya huce sai ya dawo daidai, a ce ai ba komai. Akwai komai. A juye man gaba ɗaya duk shekara biyu, ko da zarar ya yi baƙi, sannan a gangara tudu da ƙaramar giya.

Abubuwa uku da ake yi a bakin hanya suna tayar mini da hankali. Zuba ruwan omo a madadin man birki: ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Zuba baƙin mai ko man sitiyari: yakan kumbura kowace roba, sai an sauya su duka. Da kuma toshe layin tayar da ke yoyo a ci gaba da tafiya da birki uku, wanda ke fizgar mota gefe in an taka da ƙarfi. Ka duba murfin tanki ka ga irin man da aka rubuta, ka sayi gwangwani rufaffe, kada ka yarda da ragowar da ta daɗe a buɗe. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran.

Wajen fitar da iska ka tsaya a kan bakanikenka. Mutum biyu ake so, a fara da tayar da ta fi nisa da masta sai in littafin motar ya ce ba haka ba, kada a bari tanki ya ƙafe. A sa ɗan katako ƙarƙashin birkin don kada ya kai ƙasa, saboda robar tsohuwar masta takan yage in ta shiga wurin da tsatsa ta taru. In an canja kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faranti, a tabbatar notin fitar da iska yana sama. In an musanya na hagu da na dama, iska ba za ta taɓa fita ba. Wasu motocin masu ABS sai an jona kwamfuta kafin iskar cikin na'urar ta fito.

In birki ya shige maka kana tafiya, ka yi ta takawa da sauri, ka rage giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali, kada ka kashe inji.

Gobe da safe ka koma gareji, ka ce a zare diram biyu na baya a gabanka. Kada ka ɗauki fasinja sai birki ya kama a taki na farko.