Darasi: Bayan Makarantar Koyon Sana'a, Sai Ina?

'Yan'uwa manoma, yaron da ya yi shekara 3 a makarantar koyon sana'a, ya ci jarrabawar NABTEB, hanya uku ke gabansa:

1. Ya wuce babbar kwalejin fasaha kamar ta Kaduna, ya yi difloma.
2. Ya nemi aikin albashi a kamfani.
3. Ya buɗe shagon kansa.

Ta ukun nan ta fi shafarmu. Sau da yawa injin ban ruwanmu yakan yi mako a kwance, muna jiran makanike daga birni, tumatir yana bushewa. Ga ɗanmu ya iya gyara, amma ko sifana ba shi da ita.

Mu tattauna: Ƙungiyarmu za ta iya ba shi rancen kayan aiki, ya biya da kaka?