Rajistar Na'urori da Sarrafa Su Daga Nesa: Nazari Daga Rumfunan Zaɓen Saulawa

1.0 Gabatarwa

A zamanin haraji, kafin Gwamna Balarabe Musa ya soke shi a Jihar Kaduna a 1979, hukuma ba ta san da zaman magidanci ba sai mai unguwa ya ƙidaya shi, dagaci ya rubuta, hakimi ya tabbatar. Irin wannan tsari ne manyan ma'aikatu suke bi da kwamfutocinsu a yau, sai dai littafin rajistar yana cikin abin da ake kira "gajimare", wato manyan kwamfutocin ajiya da ake isa gare su ta intanet.

2.0 Yadda Aikin Yake Gudana

A da, sai ma'aikaci ya zauna gaban kowace kwamfuta ya shirya ta da hannu. Kamfanin Microsoft ya fito da Intune a 2011, sannan Windows Autopilot a 2017, domin rage wannan wahala. Matakan uku ne. Da fari, dillali ko ma'aikata su aika da shaidar na'urar, wadda aka tsamo daga kayan cikinta, tamkar lambar da makiyayi yake yi wa saniyarsa. Na biyu, ranar da aka kunna ta aka haɗa da intanet, sai ta gane ma'aikatar da ta mallake ta, ta nemi sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Na uku, manhajoji da dokokin aiki su sauko mata da kansu. In kuwa ta ɓata, ana iya aika mata umurnin goge abin da ke cikinta.

3.0 Misali Daga Gida

Na'urar BVAS ta hukumar zaɓe, ko da yake ba ta Windows ba ce, ta nuna muhimmancin al'amarin. A zaɓen 2023 an ɗaure kowace na'ura da rumfa guda, saboda haka wadda aka shirya wa wata rumfa a Saulawa, cikin ƙaramar hukumar Ikara, ba za ta tantance mai zaɓen Maƙarfi ko Kudan ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, ya zama dole a kwashe bayanan na'urorin zuwa ma'ajiyar hukumar, a sake shirya su domin rumfuna fiye da 176,000. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ba da izinin haka ba sai 8 ga Maris, shi ya sa aka ɗage zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga watan.

4.0 Kammalawa

A taƙaice, shirya na'urori masu yawa aiki ne da ke iya tsayar da ƙasa mako guda. Sarrafa su daga nesa yana rage jinkiri, amma ya dogara ga wutar lantarki da intanet mai ƙarfi, waɗanda suka yi ƙaranci a karkara. Haka kuma duk wanda ke riƙe da littafin rajistar shi ke da iko da na'urar, kamar yadda hakimi yake da littafin haraji. Ya kamata ma'aikata ta san a hannun wa ta bar wannan iko kafin ta rungumi tsarin.