Nasiha ga Matasa Masu Rubuta Manhaja: Darasin GKS

'Ya'yana, ku da kuke koyon rubuta manhajar kwamfuta. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka ku matso in ba ku labarin wani aiki da aka gama tun ba a haifi yawancinku ba.

A shekarun 1970, wanda yake so kwamfuta ta zana masa jadawali ko taswira yana shan wahala. Kowace na'ura da nata umarnin. Na'urar zane mai alƙalami ta kamfanin CalComp tana da hanyarta, allon Tektronix yana da tasa. Shi wannan allo ma, idan ka ja layi a kansa ba ka da ikon goge layin shi kaɗai, sai dai ka share allon duka ka sake zanen daga farko. Mutum zai yi watanni yana rubuta manhaja, ranar da ma'aikatarsu ta sayo sabuwar na'ura kuma aiki ya dawo sabo.

A 1976 masana suka taru a Seillac, a ƙasar Faransa, don neman mafita. Bayan shekara guda Amurkawa suka fito da wani tsari mai suna Core, wanda ya haɗa har da zane mai nuna zurfi. Jamusawa kuwa, a ƙarƙashin hukumar ƙa'idojinsu ta DIN, suka tsaya a kan zanen shimfiɗe mai tsawo da faɗi kawai, suka sa masa suna Graphical Kernel System, wato GKS. Nasu ne hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ɗauka. Aka yi ta gyara ana muhawara, har 1985 ya fito da lamba ISO 7942, ya zama ƙa'idar duniya ta farko a fagen rubuta manhajar zane.

Ku lura da hikimar da ke cikinsa. Sun taƙaita duk abin da za a zana zuwa abubuwa shida: layi mai bin ɗigogi, alamomi a kan ɗigogi, rubutu, fili mai cike da launi, jerin ƙananan gidaje masu launi, sai kuma wata ƙofa da aka bari don abin da wata na'ura ta iya ita kaɗai, kamar da'ira. Da waɗannan ake gina komai.

Babbar hikimar kuma tana wajen awo. A ce kana zana jadawalin ruwan sama na shekara. Watanni 12 a kwance, milimita 0 zuwa 300 a tsaye. Da wannan ma'auni naka za ka ba GKS lambobinka. Shi zai mayar da su cikin wani fili na kowa da kowa, wanda kowane gefensa yake tashi daga 0 zuwa 1. Daga nan kowace na'ura ta ɗauka ta juya zuwa nata awon, allo ya ƙirga da ɗigoginsa, na'urar alƙalami ta auna a kan takardarta. Kai ba ruwanka da wace na'ura ce a ɗakin. Kamar a ce kasuwanni duka sun yarda da mudu ɗaya ne: mai saye da mai sayarwa kowa ya huta da gardama. Haka suka yi wa shigar da bayani, suka kasa shi gida shida bisa abin da ake nema daga hannun mutum, kamar nuna wuri ko zaɓar abu, ba tare da damuwa da irin na'urar da ya riƙe ba. Sannan aka tsara yadda za a kira GKS daga harsunan Fortran da Pascal da Ada da C.

To, 'ya'yana, ba zan ɓoye muku ba, GKS bai dawwama a kan gaba ba. Kafin a gama shi zamani ya soma juyawa zuwa alluna masu tagogi da zane mai zurfi. An yi masa ƙari a 1988, aka kuma kawo wata ƙa'ida mai suna PHIGS, amma OpenGL da kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992 shi ya kwashe kasuwa. Duk da haka aikin bai faɗi ƙasa banza ba. Tsarin GSX na kamfanin Digital Research daga jikinsa ya fito, kuma har yau manhajar GR da ake kula da ita a cibiyar bincike ta Jülich a Jamus a kansa take tsaye, masu amfani da harshen kwamfuta na Julia suna zana jadawali da ita.

Abin da nake so ku riƙe shi ne ku raba abin da kuke son nunawa da na'urar da za ta nuna shi. Wayar da ke hannunka yau ba irinta ce a hannun maƙwabcinka ba, kuma baɗi wata za ta fito. Idan ka ɗaure aikinka da faɗin allon wayarka, ko da kayan kamfani ɗaya, ka sani ranar da suka sauya kai ma sai ka sake lale. Ka ware ɓangaren da yake magana da na'ura a wuri guda, yadda idan ta canza shi kaɗai za ka taɓa.

Kada kuma ku raina ƙaramin aiki da aka gama da kyau. Jamusawan nan sun ɗauki abin da za su iya kammalawa, kuma nasu aka karɓa. Ku yi haƙuri da zaman shawara ko da ya yi tsawo, domin sannu ba ta hana zuwa. Ku karanta ƙa'idojin da ake da su kafin ku ƙirƙiro naku, ku rubuta bayanin aikinku yadda wanda zai gaje ku zai gane. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa iliminku ya amfani jama'a.