Mai Juna Biyu: Idan Mutuwar Ƙafa Ta Haɗu Da Haki

Haki abu ne da kusan kowace mai ciki ta sani, musamman a watannin ƙarshe, domin mahaifa tana tokare ƙirji. Wannan idan kin huta yakan lafa. Hakin da muke ja miki kunne a kansa shi ne wanda ke biyo bayan mutuwar ƙafafu.

Jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Wani lokaci garkuwar jiki takan rikice ta cinye rufin. Sai tafin ƙafa ya fara jin kamar tsirar allura, takalmi ya riƙa zamewa, tashi daga tabarma ya gagara, kuma ƙafa biyu a tare. Iri ɗaya yana tafiya sannu, fiye da mako 8, ya lafa ya dawo, kuma yakan tashi a ƙarshen ciki ko lokacin jego. Ɗayan, wanda likitocin Faransa Guillain da Barré suka bayyana a 1916, yana hawa cikin kwanaki, sau da yawa bayan gudawa ko mura. Shi ya fi kama numfashi: kusan mutum 1 cikin 4 yakan buƙaci na'urar numfashi.

Huhun lafiyarsa ƙalau. Naman da ke jan iska ne ya raunana, shi ya sa ba lallai a ji tari ko zazzaɓi ba. Ki ja numfashi ɗaya ki ƙirga da ƙarfi. Idan kin kasa kai 20, ko kwanciya rigingine tana shaƙe ki, ko ɗaga kai daga matashi ya gagara, ko ruwa yana sarƙe ki, kada ki kwana a gida.

Maigida da uwar miji, mun san akan ce iska ce ko shan inna. Ku yi addu'arku a hanya. Kada a yi mata ɗurar kunu ko jiƙo, domin zai iya faɗawa huhu. A ɗauke ta a jingine zuwa babban asibitin Talata Mafara, Bakura ko Maradun, a gaya wa likita ranar da ƙafar ta fara, don a tura ta Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Cutar tana da magani, kuma ba ta hana mahaifa naƙuda. Da yawa sukan haihu da kansu, jaririn kuma galibi lafiya yake fitowa. Idan an taɓa gaya miki kina da ita, ki faɗa tun ranar awon farko.