Hukuncin Taba da Haƙƙin Jama'a a Bakin Tafkin Kainji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Yauri ya san ta da kifi da albasa. To, ita albasar nan halal ce, babu malamin da ya yi shakka a kanta, amma duk da haka ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umurci wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci, domin warinsu yana cutar da masallata da mala'iku. In haka aka yi wa abinci mai amfani, ina ga hayaƙin da ba ya ƙosarwa, ba ya kashe ƙishirwa?

Taba ba ta zo ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, daga nahiyar Amurka, saboda haka babu nassin da ya ambace ta da suna. Malamai suka yi saɓani. Shehu Ahmadu Baba na Tumbuktu, babban malamin Malikiyya, ya yi rubutu a kanta a 1607, ya tafi a kan halaccinta, domin bai ga tana gusar da hankali ba. Wasu suka ce makaruhi ce, wasu suka haramta, ɗariƙar Tijjaniyya kuwa ta hana wa mabiyanta. Ba daidai ba ne mai shan sigari na yau ya fake da fatawar Ahmadu Baba, domin malamin ya yi hukunci ne da abin da aka sani a zamaninsa. A 1950 masu bincike biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar sigari da sankarar huhu. Yanzu an san hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai wajen 70 masu haddasa sankara, ban da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, zama kusa da mai sha ne ya ja musu.

Da cutarwa ta bayyana haka, sai malamai da yawa na wannan zamani suka koma ga haramci. Hujjarsu aya ta 195 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, da aya ta 157 ta Suratul A'araf a kan haramta abubuwa masu ƙazanta, da kuma hadisin nan da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa mai hana cutar da kai da cutar da wani.

Akwai kuma almubazzaranci, wanda Suratul Isra'i ta yi kakkausan gargaɗi a kansa. Masunci da ke kwana cikin kwalekwale a kan tafki yakan ce taba ce ke kore masa sanyi da barci. To, kara biyar a dare, kara 1,825 ke nan a shekara. Ya lissafa ya gani: kuɗin taru ne, ko man injin jirgi, ko littattafan 'ya'yansa. Matarsa kuwa, wadda ta wuni cikin hayaƙin bandar kifi, da dare sai ta shaƙi nasa a ɗaki ita da jinjirinta.

Hukuma ta yi doka. Nijeriya ta kafa dokar taƙaita shan taba a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana busa ta a wuraren taruwar jama'a. Amma wane ma'aikaci ne zai taso daga Birnin Kebbi ya tsare kowane tebur a Yelwa da Wara da Shanga, balle ƙauyukan gungu da sai da jirgi ake isa? Wannan aiki na mutanen wurin ne, kuma yana cikin umurni da kyakkyawa da hani da mummuna.

Mai tebur shi ne a gaba, domin da kara ɗaya yaro yake farawa, kuma a hannunsa yake samu. Uban da ke aiken ɗansa ya sayo masa sigari, har wani lokaci ya ce ya kunno ta a murhu, shi ya ba shi darasin farko. Liman yana da mumbari ran Juma'a. Sarkin ruwa da shugabannin masu jirage suna iya hana busa ta cikin jirgin fasinja, inda ga mata da yara, ga kuma jarkokin fetur a gefe.

Shi kuwa wanda ya riga ya kamu, ba gori zai raba shi da ita ba, domin nikotin yana kama jiki, barinsa da wuya. Azumin Ramadan ya nuna masa yana iya haƙuri daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Sai 'yan'uwa su dafa masa ya ƙara da daren, ya kuma nemi shawarar likita in abin ya yi tsanani.