In An Kama Mai Sayarwa, Ina Mai Saye?

 

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi maganar da ba a cika son ɗago ta a zauren Islamiyya ba, wato karuwanci. Wata kan ce, ni matar aure ce, ina ɗakina, me ya haɗa ni da wannan? To 'yar uwa, kuɗin da ake kaiwa gidan magajiya sau da yawa kuɗin cefanen wata ne, ciwon da ake ɗaukowa a can kuma a ɗakin matar aure yake sauka. Don haka maganar tamu ce.

Ki lura da wani abu. Duk sanda aka ce an kai samame, za ki ji an kama mata kaza. Da wuya ki ji adadin mazan da aka tarar. Ko a bakinmu ma haka ne: mace muna da sunaye birjik da muke kiranta, karuwa, kilaki, 'yar bariki, mai zaman kanta. Shi kuwa wanda ya zaro kuɗin ya biya, gari na wayewa ya koma Alhaji ko Malam, har a ba shi sahun gaba. Alhali kowa ya san ciniki ba ya faɗawa sai da mai saye.

Muhawarar da ake yi a duniya

Ƙasashe sun kasu gida uku a kan wannan batu. Kashi na farko su ne masu hukunta macen, kuma wannan ce tsohuwar hanya. Ko dokar Final Kod da aka kafa wa Arewa a 1960, a sashe na 405 karuwar da ke farautar maza a bainar jama'a ta sa cikin masu zaman banza.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka ɗauki abin a matsayin sana'a. Holan ta halatta gidajen karuwai a 2000, Jamus ta yi tata dokar a 2002, Niyu Zilan kuma ta cire hukunci a 2003. Hujjarsu ita ce, tun da ba a iya kawar da abin ba, gara a fito da shi fili don matan su iya kai ƙara in an zalunce su.

Kashi na uku shi ne wanda ƙasar Suwidin ta fara a ranar 1 ga Janairu, 1999. Ta ce mai saye shi ne mai laifi, a ci shi tara ko a ɗaure shi har wata shida, daga baya a 2011 aka mai da shi shekara guda. Ita kuwa macen ba a kama ta, sai dai a taimaka mata ta fita. Dalilinsu shi ne, yawancin matan talauci ne ko safara ta jefa su, shi kuwa mai kuɗi da ƙafarsa ya zo, kuma in babu mai saye kasuwa watsewa take yi. Norwe ta bi sahu a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016 da tarar Yuro 1,500, sai Ailan a 2017.

Ba kowa ya yarda da wannan ba. Binciken gwamnatin Suwidin na 2010 ya ce matan da ke tsayawa a titi sun ragu da rabi. Masu suka suka ce ai harkar ɓuya kawai ta yi, ta koma cikin ɗakuna da intanet, kuma da yake namijin yana tsoron kamu, sai ya ja macen lungun da ba mai jin ihunta. Ƙungiyar Amnesty International ta ɗauki wannan ra'ayi a 2016. Wasu mata 'yan wannan harka a Faransa, su da wasu maza, su 261, sun kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, amma a Yulin 2024 kotun ta bar dokar yadda take.

Me addininmu ya ce?

Mu dai halatta karuwanci ba ya cikin lissafinmu. Aya ta 32 a Suratul Isra'i ta hana ko kusantar zina, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan kuɗin da ake ba karuwa. Haka nan ba mu tare da Suwidin wajen wanke macen da ta zaɓi abin da kanta. Sai dai tambayar da suka ɗago, cewa ina mai saye, Musulunci ya amsa ta tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Ki buɗe Suratun Nur. Aya ta 2 ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, bulala ɗari ɗari, ba a rage wa namiji ko ɗaya ba. A aya ta 30 maza aka fara umarta da runtse ido da kame al'aura, sannan aka zo kan mata a aya ta 31. Aya ta 33 kuwa kai tsaye a kan wannan harka ta sauka. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa shugaban munafukan Madina, Abdullahi ɗan Ubayyu, yana da kuyangi biyu, Musaika da Umaima, yana tilasta musu zina don su kawo masa kuɗi. Suka kai kuka wurin Manzon Allah (SAW). Sai ayar ta tsawatar wa mai tilastawa, ta kuma yi albishir da gafara ga wadda aka tilasta. Kin ga ke nan kawali da duk mai cin abinci da jikin 'yar wani, shi aka fara nunawa da yatsa.

Ki tuna hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo. Ɗayansu ya ce ya daɗe yana neman 'yar baffansa tana ƙi, har shekarar fari ta matsa mata, ta zo wurinsa, ya ba ta dinare 120 a kan ta ba shi kanta. Da ta tunatar da shi tsoron Allah, sai ya tashi, ya bar mata zinaren. Wannan aiki yana cikin abin da Allah Ya ɗage musu dutsen saboda shi. Ita yunwa ta kawo ta, shi ne mai zaɓi, kuma a kansa jarrabawar take.

Baihaƙi ya kawo cewa a zamanin Sayyidina Umar (RA) ƙishirwa ta galabaita wata mata, makiyayi ya hana ta ruwa sai ta ba shi kanta. Da aka kawo ta, Sayyidina Ali (RA) ya ce wannan matsuwa ce, aka sallame ta. Malamai sun yi bayani cewa ba kowane talauci ne ya kai wannan matsayi ba, kar wata ta fake da shi. Amma mun koyi cewa alƙalin ƙwarai yakan tambayi abin da ya kawo mace kafin ya ɗaga bulala.

Yadda abin yake a wurinmu

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, sannan Jigawa ta bi a watan Agusta na 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an rufe gidajen mata da dama, kuma alheri ne. Matan sun watse, wasu sun yi aure, wasu sun tsallaka Nijar. A Maraɗi ma, a Nuwamban 2000, masu zanga-zanga sun far wa gidajen mata masu zaman kansu. Mazan da ke zuwa wurinsu kuwa ko takalmi ba su sauya ba.

Shari'un da suka yi ƙaurin suna sun nuna inda gizo ke saƙa. Safiya Husaini, da kotun Gwadabawa ta yanke wa rajamu a 2001, da Amina Lawal, da kotun Bakori ta yanke wa a 2002, ba da karuwanci aka tuhume su ba, ciki ne ya bayyana. A mazhabarmu ta Malikiyya ciki kan zama hujja a kan mace marar miji, shi kuwa namiji sai ya yi iƙirari ko a samu shaidu huɗu. Mazan suka musa, aka sallame su. Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne suka wanke Safiya a Sakkwato a Maris na 2002, da Amina a Katsina a Satumban 2003. Tsananin shaida rahama ce daga Allah, sai dai inda haddi bai tabbata ba akwai ta'aziri, kuma in an tarar da mutum biyu a keɓe, babu dalilin da za a sa ɗaya a mota a ce wa ɗayan ya sa hularsa ya tafi. Ko a Kano a 2024, saɓanin da ya sa Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisba kafin a sasanta ya dawo, ya taso ne bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya koka kan yadda ake kamen. Manzon Allah (SAW) ya gargaɗe mu cewa abin da ya hallaka mutanen farko shi ne su ƙyale mai daraja su hukunta mai rauni.

Sannan ruwa ba ya tsami banza. Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2019 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna cikin talauci. Ki haɗa wannan da sakin wulaƙanci, a kori mace da 'ya'ya uku ba ko kwanon gero, ki ga inda ƙofar take buɗewa.

Abin da ya rage gare mu

Na ɗaya, tarbiyyar 'ya'ya maza. Mukan tsare 'ya mace kamar ƙwai, namiji kuwa ya kai sha biyun dare a waje mu ce ai namiji ne. Da wani saurayi ya nemi Manzon Allah (SAW) ya yi masa izinin zina, sai ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa. Ki yi wa ɗanki wannan tambaya tun yana ɗanye.

Na biyu, talla. Yarinyar da kika ɗora wa faranti zuwa tasha ko kasuwar Gujungu, ta dawo da kuɗin da ya fi ƙarfin kayanta, ki tambaye ta wa ya ba ta. Kar ki ƙulle a haɓar zani ki yi shiru.

Na uku, zawarawa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta cikin idda, aya ta 233 a Baƙara kuma ta ɗora ci da sutura a kan uban ɗa. Mu san wannan haƙƙi, mu tsaya wa 'yan uwanmu su same shi a wurin mai unguwa ko alƙali. In ta dawo gida, kar mu zama masu yi mata gorin tuwo. Mu sa ta a adashinmu, mu ware mata jari daga zakka da sadakar ƙungiya.

Na huɗu, lafiyarki. In kina da dalilin shakku, ki nemi ku je asibiti tare a yi gwaji, cikin ladabi da sirri. In zai ƙara aure, a yi gwaji kafin ɗaurin aure, Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Amma ki kiyayi bin diddigi da ƙazafi, don hukuncin ƙazafi bulala tamanin ne. Kuma zuwa ki tare wata mata da dambe ba ya gyara miji.

Na biyar, mu bar ƙofar tuba a buɗe. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya gafarta wa wata karuwa don ta shayar da kare ruwa. In irin wannan baiwar Allah ta shigo Islamiyya, ki matsa mata ta zauna kusa da ke.

Na shida, muryar ƙungiya. Rassanmu na Aujara, Jahun, Kiyawa da Dutse su roƙi limamai su yi huɗuba a kan mazan da ke biya, su kuma roƙi Hisba ta riƙa gurfanar da ɓangarorin biyu, tare da masu ba da hayar ɗakunan.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Allah Ya shirya mana mazajenmu da zuriyarmu, Ya rufa wa 'yan uwanmu mata asiri duniya da lahira, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.