Haƙuri Guzuri Ne Da Ake Tarawa Kafin Tafiya: Darasi Daga Bakin Komadugu

 

A cikin Suratul Baƙara Allah Maɗaukaki Ya lissafa abubuwan da Yake jarraba bayinSa da su, wato tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, sannan Ya yi wa masu haƙuri bushara. Wanda ya san jihar Diffa a Jamhuriyar Nijar ba ya buƙatar dogon tafsiri a nan, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da bai sauka a bakin kogin Komadugu ba. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da garin Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka dakatar da cinikin tattasai da bandar kifi don gudun kada kuɗin su faɗa hannun 'yan bindiga, aka taƙaita man fetur da takin zamani. Tattasai kuwa shi ne arzikin wannan kwari, da shi ake aurar da 'ya'ya, da shi ake biyan bashi. A watan Yunin 2016 aka sake auka wa Bosso, mutane kimanin 50,000 suka gudu, rumfunan zana da tamfol suka jeru a gefen kwaltar da ta taso daga Diffa zuwa Gigime. Da aka fara samun sauƙi, sai kogin ya yi ambaliya a 2019, ya sake a 2022, ya shanye gonakin tattasai da shinkafa.

Mene ne ke tsayar da zuciya idan irin wannan ya yi ta maimaituwa? Imamu Gazali, a babin haƙuri da godiya na littafin Ihya'u, ya nuna cewa haƙuri, kamar sauran muƙaman tafiya zuwa ga Allah, yana haɗuwa ne daga abu uku: ilimi, da halin da ilimin ke haifarwa a zuciya, da aikin da halin ke fitarwa. Ke nan abu ne da ake koya ana kuma renonsa. Ya inganta daga Manzon Allah (SAW) cewa haƙurin gaskiya yana bayyana ne a bugun farko na musiba. A wannan lokacin babu damar buɗe littafi ko neman fatawa, abin da aka riga aka zuba a zuciya shi zai fito. Manomin tattasai ya san wannan a sana'arsa: tun kogi bai cika ba yake renon iri, ya gyara injin ban ruwa. Wanda ya jira sai ruwa ya iso sannan ya fara neman iri ya yi asarar shekara.

Wurin renon muridi shi ne wuridinsa. Lazimin ɗarikar Tijjaniyya istigfari ne 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Mai ganin ƙanƙantarsa ya dubi abin da gudun hijira ke fara ƙwacewa daga mutum. Kafin yunwa ta kama shi, tsarin yininsa ya riga ya wargaje. Wanda ya saba sammako zuwa gona ko tafki ya wayi gari ba wurin zuwa, Litinin da Alhamis duk ɗaya ne a gare shi, tunani ya samu fili ya yi ta cin sa. Lazimi yana kafa wa yini turaku biyu, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar. Kuma dukiya ce da ba a tsare ta a shingen bincike, ruwa ba ya cinye ta. Ko carbi ya ɓata, gaɓoɓin yatsu suna nan. Malaman ɗarika ma sun yi tanadi saboda halin ƙunci: wanda ya rasa ruwa ya yi taimama, a wazifa sai ya karanta Salatul Fatihi 20 a madadin Jauharatul Kamali, matafiyi kuma yana iya yin laziminsa yana cikin tafiya.

Wazifa da zikirin Juma'a suna da wani amfani da ba a cika ambata ba. Tun da a cikin jama'a ake yin su, duk wanda bai zo ba za a lura. A wurin da mutanen ƙauyuka goma suka cakuɗu ba wanda ya san wani, da'irar zikiri ce ke fara gane wa ya kwana da yunwa, wa ya daina magana, wace gwauruwa ce ba mai ɗebo mata ruwa.

Shehu Ahmadu Tijjani (RA) da kansa bai tashi cikin sauƙi ba. Yana ɗan shekara kusan 16 annoba ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa a Ainu Madi. Daga baya matsin mahukuntan Turkawa na Aljeriya ya sa ya bar ƙasarsa ya koma Fas a 1798, a can ya gina zawiyarsa, a can yake kwance.

Akwai kuskure biyu da ake jingina wa haƙuri. Wasu suna ɗauka cewa mai haƙuri ba ya kuka, har su tsawata wa uwar da ta rasa ɗanta. Wannan tsanani ne da shari'a ba ta ɗora ba, domin idanun Annabi (SAW) sun zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne harshe ya yi fushi da hukuncin Ubangiji. Wasu kuma suna ɗauka cewa haƙuri naɗe hannu ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi, ya kai kukansa ga Allah, amma duk da haka ya tura 'ya'yansa su koma su nemi labarin Yusufu da ɗan'uwansa. Manomin da ya koma ƙwadago ko sayar da itace a garin Diffa don kada ya miƙa hannu, da mutanen Barwa da suka yarda suka koma garinsu a 2021 suka sake ɗaga bango, a kan wannan sunna suke.

A nan nauyi yake hawa kan muƙaddami. Muridin da ya ga kisa da idonsa, barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa ma tana firgita shi, ba raunin imani ke damunsa ba, rauni ne irin na wanda ya karye. Kada a ƙara masa nauyin asirai da azkar masu yawa. A bar shi a kan lazimi, a zaunar da shi kusa a wazifa, a saurare shi idan ya so magana, a kuma raka shi asibiti wurin masu duba irin wannan lalura, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Wanda kuma wuridi ya kuɓuce masa a kwanakin gudu, kada a tsorata shi da cewa ya fita daga ɗarika. A nuna masa yadda ake ramuwa, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinsa.